LABARIN ZUCIYA A TAMBAYI JINI

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Haka ne in ana batun murna ko ɓacin rai. Amma akwai wani labarin zuciya wanda fuska ba ta da masaniya a kansa. Za ka ga dattijo fes da shi, yana zuwa gona, yana hawa kekensa, alhali bugun zuciyarsa ya daɗe da rikicewa. Ba za a farga ba sai ranar da ya wayi gari bakinsa ya karkace, hannu da ƙafa sun ƙi motsi. Wannan ne ya sa masana kiwon lafiya suka juya ga jini suna tambayarsa. Abin da suke son sani shi ne, ko ɗan jinin da aka ɗiba yau zai iya nuna wanda zuciyarsa za ta rikice nan da shekara 10 ko 20. Bari mu bi maganar daki-daki, mu ga inda aka kwana.

YADDA ZUCIYA KE KIƊANTA

Ɗaliban da suka yi darasin bayoloji za su tuna cewa zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na sama su ne zauruka, su ke karɓar jinin da ya dawo daga jiki da huhu. Na ƙasa su ne masu ƙarfi, su ke tunkuɗa shi waje. A bangon ɗakin sama na dama akwai wani ɗan ƙullin nama wanda za mu iya kira sarkin makaɗa. Shi ke sakin ɗan tartsatsin lantarki sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan mutum na hutawa. Tartsatsin ya ratsa ɗakunan sama su matse, ya tsaya kaɗan a wata mashiga da ke tsakiya, sa'an nan ya sauka ɗakunan ƙasa su ma su matse. Haka ake yi kusan sau 100,000 kowace rana.

IDAN MAKAƊA SUKA YI YAWA

Akwai ciwon da likitoci ke kira atiriyal fibirileshan, a taƙaice AF. Mu a nan za mu kira shi karkarwar zuciya. A wannan ciwo sarkin makaɗa ya rasa iko da fage. Tartsatsi na tashi ta ko'ina a ɗakunan sama, sau 350 har zuwa 600 a minti, kamar a ce kowane yaro a unguwa ya sami ganga yana ta dukan abinsa. Ɗakunan sama ba sa iya matsewa, sai dai su yi ta makyarkyata. Mashigar tsakiya tana tare yawancin saƙonnin, tana barin waɗansu su wuce ba bisa ƙa'ida ba. Saboda haka in ka taɓa jijiyar hannun mai ciwon za ka ji bugu biyu a gurguje, shiru, ɗaya mai ƙarfi, uku marasa ƙarfi, babu tsari ko kaɗan.

An daɗe da lura da wannan abu. William Harvey na Ingila, wanda ya bayyana zagayawar jini a shekarar 1628, ya ga irin wannan makyarkyata a zukatan dabbobin da ke bakin mutuwa. Willem Einthoven na ƙasar Holan, wanda ya ƙera na'urar zana bugun zuciya da muke kira ECG, ya buga zanen irin wannan bugu a 1906. A 1909 Thomas Lewis a birnin Landan ya nuna cewa rikicewar bugun da ake ji a hannun marasa lafiya daga karkarwar ɗakunan sama take.

Waɗansu masu ciwon kan ji faɗuwar gaba, haki, jiri ko kasala. Waɗansu kuwa ba sa jin kome, kuma nan ne haɗarin yake. Ruwan da ba ya gudu shi ke yin gansakuka. Idan ɗakin sama na hagu ya daina matsewa, jini kan kwanta a wani ɗan aljihu da ke jikinsa, ya daskare. Ran da gudan jinin ya ɓalle, sai ya bi jijiya ya toshe hanyar ƙwaƙwalwa, mutum ya sami shanyewar ɓarin jiki. Binciken garin Framingham na Amurka, wanda aka fara a 1948 da mutum 5,209, ya nuna a 1991 cewa karkarwar zuciya tana ninka haɗarin shanyewar jiki kusan sau biyar. An ƙiyasta cewa a 2019 kusan mutum miliyan 60 ne ke da ciwon a duniya. Amma akwai magani. Magungunan hana daskarewar jini, irin su warfarin, suna rage wannan haɗari da kusan kashi biyu cikin uku. Ashe ke nan duk wahalar tana wajen gano mai ciwon da wuri.

MENE NE ƁURƁUSHIN CIKIN JINI?

Jikin ɗan Adam kamar madafa yake, wuta ba ta mutuwa. Tuwon da ka ci ana farfasa shi ya zama sukari, man gyaɗa ya zama ƙananan ƙwayoyin kitse, wake da nama su zama tubalan gina jiki. Kowane mataki na wannan aiki yana barin waɗansu 'yan ƙananan sinadarai, waɗansu makamashi ne, waɗansu kayan gini, waɗansu toka ce da ƙoda za ta fitar. Masana na kiransu metabolait. Mu ce musu ɓurɓushi. Sukarin jini ɓurɓushi ne, haka kolestarol, haka sinadarin yurik da ke kawo ciwon gaɓoɓi. Akwai dubbansu suna yawo a cikin jini.

Karanta ciwo daga ɓurɓushi tsohuwar dabara ce. Likitocin Indiya na zamanin da sun lura cewa tururuwa na taruwa a kan fitsarin waɗansu marasa lafiya. A 1776 wani likita a Liverpool mai suna Matthew Dobson ya ƙafar da irin wannan fitsari ya sami sukari a ƙasan kwano, ya kuma lura cewa ruwan jinin mai ciwon ma yana da zaƙi. Ɓurɓushi ɗaya ke nan ya tona asirin ciwon sukari.

Abin da ya sake a zamaninmu shi ne yawan abin da ake iya aunawa. Akwai na'urori iri biyu, ɗaya tana rarrabe sinadarai bisa nauyinsu, ɗaya tana gane su ta hanyar maganaɗisu mai ƙarfi. Da ɗan jinin da bai cika cokalin shayi ba za su auna ɓurɓushi ɗari biyu ko fiye a lokaci guda.

Me ya haɗa wannan da zuciya? Zuciya ba ta hutu, don haka cinta ya fi na yawancin gaɓoɓi, kuma mafi yawan makamashinta daga kitse take samu. A 2008 Manuel Mayr da abokan aikinsa a Landan sun duba 'yan yankunan naman ɗakin sama da aka cire lokacin tiyata. Sun tarar cewa a zukatan masu daɗaɗɗiyar karkarwa, wani makamashi da ake kira kiton ya ƙaru. Wato zuciyar da ke karkarwa ta sauya irin itacen da take hura wuta da shi. To, in haka ne, ƙila hayaƙin wannan sauyi yana bayyana a jini tun kafin karkarwar ta fara.

ABIN DA AKA GANO A GARURUWA UKU

Hanyar binciken tana bukatar haƙuri. A ɗebi jinin dubban mutane masu lafiya, a adana shi cikin ƙanƙara mai tsananin sanyi, a yi ta bin labarinsu shekara da shekaru. Bayan nan a fito da tsohon jinin a auna, a ga ko na waɗanda suka kamu ya bambanta da na sauran tun farko.

A 1987 aka fara wani babban bincike mai suna ARIC a yankuna huɗu na Amurka, ciki har da birnin Jackson na jihar Mississippi, inda aka ɗauki baƙar fata zalla. A 2015 Alvaro Alonso da abokan aikinsa suka ba da sakamakon auna ɓurɓushi 118 a jinin baƙar fata 1,919 da aka bi kimanin shekara 22. Mutum 183 daga cikinsu sun kamu da karkarwar zuciya. Abin mamaki, ɓurɓushi biyu da suka yi fice ba daga zuciya suke ba. Dangin ruwan matsarmama ne, wanda hanta ke yi domin narkar da kitse, ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanji kuma su sake sarrafa shi. Masu yawan waɗannan a jini sun fi kamuwa.

A 2019 suka faɗaɗa aikin zuwa mutum 3,922, baƙaƙe da farare, da ɓurɓushi 245, inda mutum 608 suka kamu. Ɗaya daga cikin sinadaran matsarmamar nan ya sake fitowa. Aka kuma sami sababbi. Yawan sudoyuridin da asisoga yana tafiya da ƙarin haɗari, yawan yuridin kuwa yana tafiya da raguwarsa.

A birnin Malmo na ƙasar Suwidin an bi mutum 3,770 har kimanin shekara 23, mutum 650 suka kamu. Sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna wani dangin sinadarai da ake kira asilkanitin. Ga yadda suke. A cikin kowace ƙwayar naman zuciya akwai ƙananan murahu inda ake ƙona kitse. Kitse ba ya iya shiga murhun da kansa, sai wani ɗan dako mai suna kanitin ya ɗauke shi. Ɗan dako da kayansa a kai, shi ne asilkanitin. Idan ka ga 'yan dako sun yi cincirindo a ƙofa da kaya a kai, ka san akwai abin da ya tsaya a ciki. Waɗanda ke da yawan wannan sinadari a jini sun fi kamuwa da karkarwa daga baya. Asisoga ma ya sake fitowa a nan.

Amma ga labarin Framingham. A 2016 aka auna ɓurɓushi 217 a jinin mutum 2,458 da aka bi kimanin shekara 10, mutum 156 suka kamu. Da aka tace lissafi da kyau, ko ɗaya bai tsaya a matsayin alama tabbatacciya ba.

ME YA SA BAKI BAI ZO ƊAYA BA?

Dalili na farko lissafi ne, kuma ɗaliban aji huɗu za su gane shi. A irin wannan bincike an saba yarda da sakamako idan yiwuwar ya faru bisa sa'a kawai bai kai ɗaya cikin 20 ba. To, in ka auna abu 200, kusan guda 10 za su fito kamar suna da alaƙa da ciwon alhali katari ne kawai. Shi ya sa masana ke tsananta ma'auni idan abubuwan da ake aunawa suna da yawa. Da ma'auni ya tsananta kuma, sai an sami masu ciwo da yawa kafin alama ta gaskiya ta iya ƙetarewa. Mutum 156 sun yi kaɗan in aka gwada da 608 ko 650.

Na biyu, ɓurɓushi ba ya zama wuri ɗaya. Abin da mutum ya ci jiya, maganin da yake sha, azumi, motsa jiki, duk suna juya shi. An kuwa ɗebi jinin sau ɗaya ne, ana son ya ba da labarin shekara 20. Haka kuma ɗakunan gwaji ba na'ura iri ɗaya suke amfani da ita ba, abin da wannan ya auna wancan bai auna ba.

Na uku shi ne mafi muhimmanci. Ganin sawu a bakin rumbu bai nuna mai sawun ne ya saci dawa ba, ƙila shi ma wucewa ya yi. Sudoyuridin, alal misali, ƙoda ce ke fitar da shi, yana kuwa taruwa idan ƙoda ta yi rauni. Raunin ƙoda shi kansa yana tafiya da ciwon zuciya. Dole mai bincike ya ware wannan kafin ya ɗora laifi a kan sinadarin.

Labarin man kifi ya isa darasi. A 2012 wani bincike a kan tsofaffi a Amurka ya nuna cewa masu yawan kitsen kifi, wanda ake kira omega-3, a cikin jininsu ba su cika kamuwa da karkarwa ba. Mai gaggawa zai ce to a sha ƙwayar man kifi. Da aka gwada a kan mutum fiye da 25,000, sakamakon 2021 ya nuna ƙwayar ba ta rage ciwon ba. A wani gwajin kuma na mutum 13,078 da aka buga a 2020, inda aka ba da giram 4 kullum, kashi 2.2 cikin ɗari na masu shan man kifin sun kamu, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 1.3 ne. Alamar da ta yi kyau a jini, da aka mai da ita ƙwaya mai yawa, sai ta ƙara abin da ake gudu.

SAWUN GIWA YA TAKE NA RAƘUMI

Ko da alama ta tabbata, akwai sauran tambaya: me ta ƙara a kan abin da likita ya riga ya sani? A 2013 masana suka haɗa wani ma'auni mai suna CHARGE-AF, wanda ke ƙiyasta haɗarin kamuwa cikin shekara 5. Abubuwan da yake tambaya sun haɗa da shekaru, tsawo, nauyi, awon jini, shan taba, ciwon sukari, da ko mutum ya taɓa ciwon zuciya. Waɗannan su ne giwaye, musamman shekaru da hawan jini. Sababbin ɓurɓushin nan abin da suke ƙarawa a kansu kaɗan ne. Shi ya sa har yanzu ba su shiga jerin gwajin da ake yi wa jama'a a asibiti ba. Amfaninsu a yau shi ne nuna wa masana inda za su haƙa: hanta, hanji, ƙoda, da murhun ƙwayar zuciya.

Akwai dai gwaje-gwajen jini da suka riga suka ci jarrabawa. Idan bangon zuciya ya miƙe saboda nauyin aiki, yakan saki wani sinadari da ake auna gutsurensa da sunan NT-proBNP. Shi ɗan furotin ne, ya fi ɓurɓushin da muka ambata girma. A 2009 aka nuna a kan tsofaffi 5,445 a Amurka cewa waɗanda nasu ya fi yawa sun ninka waɗanda nasu ya fi ƙaranci haɗari sau huɗu. Akwai kuma gwajin tayirod, wato ƙullin nan na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo. A 1994 binciken Framingham ya nuna cewa 'yan shekara 60 zuwa sama da jininsu ya nuna alamar tayirod na aiki fiye da kima sun ninka sauran haɗari sau uku cikin shekara 10. Don haka duk wanda aka samu da karkarwa akan duba masa tayirod, da ƙoda, da sukari, da gishirin jini irin su fotasiyam.

INA MUKA TSAYA A WANNAN MAGANA?

Duk binciken da muka lissafa a Amurka da Turai aka yi su, a kan mutanen da cimarsu ta bambanta da tamu. A can karkarwar zuciya galibi ciwon tsufa ce. A ƙasashen Afirka kuwa akwai wata hanya da ke kawo ta tun da ƙuruciya, kuma ta shafi ɗalibai kai tsaye. Wani irin ciwon maƙogwaro da ƙwayar cuta ke kawowa, wanda ya fi kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15, in ba a yi maganinsa ba yakan jawo zazzaɓi mai ciwon gaɓoɓi. Wannan zazzaɓi yana lalata ƙyauren da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa na hagu. Ƙyaure ya ƙuntata, ɗakin sama ya kumbura, karkarwa ta biyo baya. Wani bincike mai suna REMEDY da aka buga a 2015 ya duba masu irin wannan ciwo 3,343 a ƙasashen Afirka 12, har da Nijeriya, da kuma Indiya da Yaman. Rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, kuma kusan ɗaya cikin biyar yana da karkarwar zuciya. Abin takaici, maganin fenisilin mai araha, in an ba da shi a kan kari, yana datse wannan hanya tun daga maƙogwaro.

ABIN DA KE HANNUNMU

Na farko, a koyi taɓa jijiya. Ɗora yatsu biyu, manuni da na tsakiya, a wuyan hannu ƙasa da gindin babban yatsa. Ƙirga har minti ɗaya cur, ka kuma saurari tsarin bugun. In ka ji yana tsalle-tsalle babu ƙa'ida, a je asibiti a yi ECG, domin ita ce ke tabbatarwa. Likitocin zuciya na Turai suna ba da shawarar a riƙa duba bugun duk wanda ya kai shekara 65 in ya zo asibiti. Ɗalibi zai iya yi wa kakansa wannan a hutun nan, ba ya cin ko kwabo.

Na biyu, a riƙa awon jini, wanda aka ɗora a kan magani kuma kada ya daina don ya ji sauƙi. Na uku, ƙiba da giya. A birnin Adelaide na Ostireliya an nuna a 2015 cewa masu karkarwa da suka rage kashi 10 cikin ɗari na nauyinsu sun fi sauran samun sauƙi nesa ba kusa ba. A Melbourne kuma a 2020 an raba mashaya 140 masu ciwon gida biyu. Cikin waɗanda suka bar giya kashi 53 cikin ɗari ne ciwon ya dawo musu, cikin waɗanda suka ci gaba kuwa kashi 73. Na huɗu, kada a raina ciwon maƙogwaro mai zazzaɓi a jikin yaro, a kai shi a duba. Na biyar, kada kowa ya sayi maganin tsinka jini a kemis da kansa, domin yana iya jawo zubar jini, sai likita ya auna ya rubuta.

In kuwa aka ga bakin mutum ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a garzaya asibiti nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Jini ya fara ba da labarin zuciya, amma har yanzu da in'ina yake magana, masana kuma suna kan koyon harshensa. Mai yiwuwa cikin masu karanta wannan shafi akwai wanda zai zama likita ko masanin sinadarai, ya tara jinin mutanenmu masu cin tuwo da miyar kuka, ya bi su shekara 20, ya gaya mana abin da namu jinin ke cewa. Kafin wannan rana, idan kun isa gida kun gaida tsofaffi, ku roƙi kaka ta miƙo hannu, ku ɗora yatsu biyu, ku ƙirga.